Daga "Ya Ce" Zuwa "Dedi": Tarihin Alamar Zance a Hausa da Turkanci

A akwatin kakana a Karaye akwai wasiƙun ajami. Babu aya a cikinsu, babu waƙafi, balle alamar zance. Inda za a kawo maganar wani, sai marubuci ya rubuta "ya ce", sannan maganar ta biyo. Mai karatu shi zai gane inda ta ƙare.

Wannan ya dawo mini ne da na fara koyon Turkanci, bayan wani ƙanena a Rogo ya dame ni da fim ɗin Ertugrul. Baturke yana ajiye aikatau a ƙarshen jumla. Mu mukan ce "na sha ruwa", shi ya ce "su içtim", wato ruwa na sha. Haka ma zance: "Geliyorum," dedi. Maganar ta fara zuwa, "ya ce" ya biyo baya, kamar yadda muke yi da "in ji shi".

Su ma Turkawa sun daɗe suna rubutu da haruffan Larabci ba tare da alamomi ba. Ana danganta shigo da su ga İbrahim Şinasi, a wasan kwaikwayonsa Şair Evlenmesi da aka buga a 1860. A Nuwamban 1928 gwamnatin Mustafa Kemal ta soke haruffan Larabci da doka, kowa ya koma na Latin.

Mu ba a soke mana ajami ba, an dai tura shi gefe. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Da irin waɗannan littattafai da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 idon Bahaushe ya saba da alamar zance. (Haruffa kuwa har yau ana fama: yadda ƙ da ɗ suke rikita mana manhaja, haka ı marar ɗigo take rikita ta Turkawa.)

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗafa-ƙeyar -miş. "Ali geldi" na nufin Ali ya zo, na tabbata. "Ali gelmiş" kuma, wai Ali ya zo, ji na yi ko alama na gani. Nahawunsu yana tilasta wa mai magana ya zaɓi ɗaya. Namu "wai" ganin dama ne, kuma a ganina a WhatsApp ne ya fi shan wahala. Kwanan baya an turo wa zauren danginmu wata magana cikin alamar zance, an jingina ta ga wani malami. Na bi sawunta zaure uku baya. A na farko da "wai" ta fara, a na biyu ya ɓace, a na uku aka ƙara hoton malamin.