Daga “Kabari Kusa” Zuwa Awa 72

Damanar bara ina gida Bande hutu, wani abokina ya ja ni gefe bayan mun tashi daga fada. Ya ce a hanyarsa ta dawowa daga Kano ya kwana da wata ba tare da hula ba, kuma tun ranar bai yi barcin kirki ba. Na ce, “Yau kwana nawa?” Ya ce biyar. Sai jikina ya yi sanyi, don na san akwai maganin da ake fara sha cikin kwana 3 da aukuwar irin wannan, yana tare ƙwayar cutar kafin ta zauna a jiki. Shi bai taɓa jin labarinsa ba. Abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, “Shi ke nan, kabari kusa.”

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, don haka kalmar ta tsaya mini a rai. Sunayen da muka ba wannan ciwo suna da tarihi, kuma na lura sun tsaya cak a shekarun farko, alhali magani ya yi gaba.

A Yunin 1981 likitocin Amurka suka fara ba da rahoton wani ciwo mai kashe garkuwar jiki. A 1983 masu bincike a cibiyar Pasteur ta birnin Faris, cikinsu har da Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar da ke haddasa shi. A 1985 aka samu hanyar awon jini. Najeriya ta ba da sanarwar mai ciwon na farko a 1986, Nijar kuma a 1987.

A lokacin babu magani, sai mutane suka raɗa wa ciwon suna da abin da idonsu ya gane musu. Mu a nan mun ari “sida” daga Faransanci. A Najeriya aka ce “ƙanjamau”, daga ƙanjamewa, kamar yadda “sanƙarau” ya fito daga sanƙarewa, “mantau” daga mantuwa. A bakin titi kuwa “kabari kusa” ne, ko “kabari salamu alaikum”. Duk waɗannan sunaye na Hausa hoton mutum ne a ƙarshen jinyarsa: ya rame, ana jiran ta Allah. Garuruwa irin namu da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magaria da bakin iyaka, inda samari ke tafiya cin rani kowace shekara, sun ƙara wani abu a kai: ciwon na matafiya ne, na waɗanda suka je Kurmi suka lalace. Wanda ya dawo da rama, ko da tarin fuka ne, sai a fara kallonsa a kaikaice.

To amma me ya faru a asibiti? A 1987 aka fito da maganin farko, AZT. A 1996 aka gane cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar har mutum ya koma harkokinsa. Wajen 2004 aka fara ba da waɗannan magunguna a Nijar, kuma kyauta ake ba da su. Binciken ƙasa na 2006 ya nuna kashi 0,7 cikin ɗari na manya ne ke ɗauke da ƙwayar, na 2012 ya nuna 0,4. Yau an tabbatar cewa wanda ke shan maganinsa daidai, har ƙwayar ta daina bayyana a awo, ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa.

Maganin da abokina ya rasa ma yana da nasa tarihin. Da farko ma’aikatan asibiti ake ba, idan allurar da aka yi wa mai ciwon ta soke su. Daga baya aka buɗe shi ga wadda aka yi wa fyaɗe, da wanda ya sadu ba kariya ko hular ta fashe. Masu Faransanci suna ce masa TPE, masu Ingilishi PEP. Ƙa’idarsa: a fara da wuri-wuri, kada ya wuce awa 72, a sha kullum har kwana 28. Kafin a ba ka za a auna jininka, don a san ko da ma kana da ƙwayar. Bayan nan sai a sake awo, domin awon gaggawa da aka saba yi yana iya ɗaukar har wata 3 kafin ya gano sabon kamu. Akwai kuma PrEP, wanda ake sha tun kafin a shiga haɗari; Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2015 ga masu yawan fuskantar haɗarin.

Yanzu ku duba: kabari yana da suna biyu a bakinmu, wannan magani ko ɗaya ba shi da shi, sai haruffan Turawa. Yaya saurayin da bai yi lakkol ba zai tambayi abin da ba shi da suna? An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. A Nijar an sa wa kwaroron roba sunan Foula, wato hula, har mutum yana iya saye a shago ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A 2017 wasu masana harshe da likitoci a Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami’ar Ibadan, suka ba da shawarar a kira ƙwayar “karya-garkuwa”, a bar “ƙanjamau” ga matakin da ciwo ya yi tsanani. Wannan rabewa tana da amfani, don ɗaukar ƙwaya daban, kwanciya ciwo daban.

Na so in ce masa “maganin kwana uku”, sai na ga wani zai ɗauka kwana uku ake shansa ya ajiye. Don haka na fi son “riga-kafin gaggawa”. In wani cikinku yana da wanda ya fi wannan daɗin faɗi, ya kawo mu tattauna a zamanmu na gaba.

Na san wani zai ce wannan magana buɗe ƙofar zina ce. Addininmu ya hana zina, kuma ba ni na isa in halatta ta ba. Amma wadda aka yi wa fyaɗe fa? Matar aure da ta gano halin mijinta daga baya fa? Wanda ma ya yi kuskuren da gangan, tuba yake buƙata, kuma da rai ake tuba.

Abokina ya jira wata 3, na raka shi Magaria a kan babur aka auna shi. Sakamakon sirrinsa ne, ba zan rubuta shi a nan ba. Abin da ya ce mini a hanyar dawowa shi ne da ya san da maganin, da tun daren farko ya nemi likita. Don haka ɗan’uwa, ƴar’uwa, in ta faru gare ka ko ga wani naka, kada a tsaya jiran alama a jiki. A je CSI ko babban asibiti a ranar, a ce ana son maganin kariya daga sida bayan saduwa. In babu a wurin, a tambayi inda za a samu, a kama hanya nan take.