Mai Wurno: Yadda Gidan Atiku Ya Rabu Tsakanin Sakkwato da Bakin Nilu

Idan ka bar Sinnar ka nufi kudu a kan hanyar Sinja, ba za ka yi nisa ba za ka iske wani gari a gaɓar yamma ta kogin Nilul Azrak, sunansa Mai Wurno. Mutanensa suna Larabci kamar kowane ɗan Sudan, amma Fillanci da Hausa ba su bar bakinsu ba, kuma suna da sarki wanda salsalarsa ta miƙe har zuwa ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yawancinmu mun san labarin Sarkin Musulmi Attahiru zuwa ranar da ya faɗi a Burmi, daga nan sai mu rufe littafi. Alhali rabin labarin gidansa bayan Burmi ya faru, kuma a ƙasar Sudan.

Tushen gidan shi ne Abubakar Atiku, ɗan Shehu, shaƙiƙin Muhammadu Bello uwa ɗaya uba ɗaya. Ya gaji Bello a 1837. An san shi da tsanani da gudun wasa, kuma bai daɗe ba: ya rasu a 1842 bayan yaƙin Tsibiri da Gobirawa, aka binne shi a Katuru. Ɗansa Ahmadu ya hau a 1859, ya mai da Cimmola wurin zamansa, ribaɗi ne mai fuskantar Gobir, ya rasu a 1866. Daga nan sarauta ta yi shekara 25 ba ta dawo gidan ba, sai a 1891 da aka naɗa Abdurrahman ɗan Atiku, wanda mutane suka yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafinsa. A zamaninsa aka sha kashi a Argungu, a zamaninsa kuma aka yi Basasar Kano, wadda ta taso daga dagewarsa a kan naɗin Tukur Sarkin Kano. Ya rasu a watan Oktoba na 1902, lokacin da Bida da Kwantagora da Yola da Bauchi da Zazzau duk sun riga sun shiga hannun Nasara.

Wannan ce daular da Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ya gada. Ko wata shida bai cika a kan gado ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris rundunar Kanar Morland ta tsaya a filin Giginya, bayan garin Sakkwato, da bindigogi masu ruwan harsashi. Attahiru yana tsakiyar sahu, Sarkin Rabah Ibrahim a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ɗan'uwan Attahiru, Marafa Muhammadu Maiturare na Gwadabawa. Ku riƙe sunan nan na Maiturare, za mu dawo kansa. Kafin rana ta take an watse.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne muhawarar malamai, domin ita ce ta raba gidan. Tun kafin Giginya ake tambaya a Sakkwato: idan kafiri ya fi ka ƙarfi, me shari'a ta ce ka yi? Alƙali Abdullahi ya rubuta risala ga mutanen zamaninsa, ya auna yaƙi, ya auna sulhu, ya auna hijira, ya tsaya a kan cewa idan yaƙi ya gagara, kuma sulhun zai sa Musulmi ƙarƙashin hukuncin wanda ba Musulmi ba, to hijira ta wajaba. A ɗaya ɓangaren akwai Waziri Muhammadu Buhari. Bayan an watse daga Giginya jama'a suka taru a kansa a Marnona, mata da yara da tsofaffi waɗanda ba su da ƙafar tafiya. Ya nemi fatawar malamai, kuma Alƙalin Gwandu Ahmadu ɗan Sa'adu ya ba shi amsar da ta kwantar masa da rai: idan kowa ya tashi, ƙasar da Shehu ya raya da Musulunci za ta koma kufai, kuma ya halatta a yi mu'amala da mai rinjaye a zahiri matuƙar bai hana salla da azumi ba, zuciya kuwa tana wurin Allah. Waziri ya koma gari. Ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba na gidan Bello, a matsayin Sarkin Musulmi.

Alƙalai biyu ke nan, littattafan Malikiyya ɗaya suka karanta, kowanne yana tsoron Allah, suka fitar da hukunci biyu. Ni ban yarda da masu saurin kiran ɗaya jarumi ɗaya maci amana ba. Wanda bai taɓa tsayawa da dubban iyalai a bayansa babu hatsi babu rijiya ba, ya sassauta harshe a kan Waziri Buhari.

Attahiru ya bi fatawar hijira, kuma gabas ɗin da ya nufa ba sabon abu ba ne a wurin jama'ar Shehu. An daɗe ana riwaya cewa ƙarshen al'amarin jama'a shi ne ƙaura zuwa bakin Nilu don haɗuwa da Mahadi. Muhammadu Bello ya taɓa rubuta wa Modibbo Adama cewa ya riƙa aika masu leƙen labari ta kudancin Wadai da Darfur. Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano game da masu ɗaure kaya suna tafiya, tana cewa lokacin bai yi ba tukuna. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan daga Balda, ya haɗu da Rabe, ya rasa ransa a 1898. Saboda haka da labari ya bazu cewa Sarkin Musulmi da kansa ya kama hanyar gabas, talakawa suka fahimci abin da ake nufi. Manoma suka bar gonaki ana gab da damina, masu sarauta suka bar gidajensu. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, kullum ayarin ƙaruwa yake. Sarkin Misau Ahmadu ya bi shi. Wannan tururuwar ce ta tsorata Turawa fiye da dawakin Giginya, domin mulkin ƙasar da babu mai nomanta ba shi da amfani.

A Burmi, kusa da dutsen Bima a ƙasar Gombe, aka tsaya. Ranar 13 ga Mayu mutanen garin suka kori rundunar farko. Ranar 27 ga Yulin 1903 Turawa suka dawo da shiri. Aka yini ana yaƙi, Manjo Marsh da ya jagorance su ya mutu, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, Allah ya jiƙansu. Turawa suka tafi da tutar jama'a, ba a mayar da ita Sakkwato ba sai a 1960.

Cikin waɗanda suka tsira akwai ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno kamar yadda ake kiran masu sunan Bello, don girmama Sarkin Musulmi Bello da ke kwance a Wurno. Shi ya tattara ragowar jama'a ya ci gaba. Tafiya ce ta shekaru, a ƙafa da jaki da saniya, ana yada zango a yi noma a samu guzuri a ƙara gaba. A 1906 suka isa Shaihu Ɗalha, wani ƙauyen Fallata, wato mutanen yamma, a gaɓar gabas ta Nilul Azrak wanda ya girme su da zama a can. Daga baya suka haye ruwa zuwa gaɓar yamma suka sari daji, garin ya ɗauki sunan mai shi.

Mahadin da ake tafiya nema ya rasu tun 1885. Daularsa ta karye a Karari a 1898, an kashe magajinsa Halifa Abdullahi a 1899. Masu mulkin Sudan a ranar da Mai Wurno ya sauka su ne Ingilishi, tare da Masar a suna. Mutumin da Ingilishi suka kashe wa uba, ya ratsa faɗin Afirka don kada ya zauna ƙarƙashinsu, ya iske su suna jiransa a bakin kogin da aka yi masa bushara da shi. Gaba kuma sai Bahar Maliya da Hijaz, inda ba a noman da zai ci da dubban mutane.

Sai ya yi abin da Waziri Buhari ya yi a Marnona: ya zauna, ya yi mu'amala da su a zahiri, ya riƙe jama'arsa. Su ma Turawan suna da bukatarsa. Tsoron Mahadiyya bai bar su ba, musamman bayan tawayen Wad Habuba a Jazira a 1908, kuma sun ga mutanen yamma da yawa suna kwarara tsibirin Aba wurin Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi. Jikan Shehu, wanda Fallata da Hausawa ke jin maganarsa, ya fi musu sauƙi. Ga kuma ƙasa mai faɗi wadda yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya suka rage wa mutane. Suka bar masa shugabancin jama'arsa, yana sasanta su yana yanke musu hukunci, yana ba baƙi wurin noma. Mabiyansa suka yi ta kafa ƙauyuka a bakin kogin, suna gangarawa kudu wajen Rusairis. Mahajjaci daga Kano ko Katsina ko Haɗeja ya san idan ya kai Mai Wurno ya kai gida: zai samu masauki da gona, da mai ɗaura masa aure, da mai yi masa salla idan ajali ya riske shi.

A can Sakkwato kuwa, a 1915 aka naɗa Maiturare Sarkin Musulmi, shi da ya tsaya a Giginya tare da ɗan'uwansa. Ya yi mulki har 1924, ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi har 1931, lokacin da ya bar gadon cikin rigima da Turawa. Wato a shekarun nan, jikokin Ahmadu ɗan Atiku biyu, 'ya'yan wa da ƙane, ɗaya yana sarauta a Sakkwato ɗaya a bakin Nilu, kuma dukansu a ƙarƙashin tutar Ingila. Fatawoyin nan biyu da suka raba hanya a 1903 sun zo sun haɗu a wuri ɗaya.

Abin da ya sauya rayuwar Hausawan yankin gaba ɗaya shi ne auduga. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe noman rani na Jazira, tsakanin Nilu biyu, don ciyar da masaƙun Ingila. Gwamnati da kamfani da manomi mai hawasha, wato gonar da aka yanka masa, suna raba kuɗin auduga. Aiki ne mai cin hannu, daga shuka zuwa cira, kuma mutanenmu suka zama ƙashin bayansa. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1930, masu hawasha da yawa suka watsar, 'yan yamma suka karɓa suka noma. Mafi yawa dai sun zauna a matsayin 'yan ƙodago, a unguwannin bukkoki da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa. Da yawansu da niyyar hajji suka fito, suka ce bari a yi kaka ɗaya a tara kuɗin jirgin Sawakin, kaka ta zama shekara goma, aka haifi 'ya'ya da jikoki. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da su ya rubuta littafi a 1995 a kan yadda jikokin ma suke ɗaukar kansu matafiya da ba su ƙarasa ba.

Mai Wurno ya rasu a shekarun yaƙin duniya na biyu, ɗansa Muhammadu Ɗahir ya gaje shi. Shi ne ya fuskanci jarrabawar da ba ta takobi ba. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897, dokar 1957 bayan 'yancin kai ta riƙe wannan ma'auni. Mutanen Burmi a 1906 suka iso. Shekara tara kacal ta sa wanda aka haifa a bakin Nilu, ya haƙa magudanan Jazira da hannunsa, ya zama sai ya kawo shaidu kafin a ba shi takardar jinsiyya, kuma rashin takardar yana hana hawasha da aikin gwamnati. Sunan Fallata, wanda ake haɗa Bafillace da Bahaushe da Babarbare a cikinsa, ya zama abin gori a bakin wasu. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1956, amma abin da ya zauna a zukata bai bi doka ya tashi ba. A 2008 Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da wasu garuruwan gabas, bayan wata jarida ta jingina wa Shugaba Umar al-Bashir maganar cewa su ba 'yan ƙasa ba ne, maganar da ya musanta.

Sarautar gargajiya ma ta sha juyi. Gwamnatin Numairi ta rushe ikonta a farkon shekarun 1970, daga baya aka farfaɗo da ita, kuma a Sudan sarauta tana tafe da haƙƙin ƙasa. Wannan ne ya sa neman masarauta da Hausawan jihar Nilul Azrak suka yi ya zama wuta a watan Yulin 2022. Aka yi kashe-kashe a Rusairis da kewaye, a watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, wasunsu suka nufo Sinnar da ƙauyukan 'yan'uwansu. Ba su gama farfaɗowa ba yaƙin soja da dakarun RSF ya ɓarke a Afrilun 2023. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar wannan shekara, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, Mai Wurno tana tsakanin Sinja da Sinnar, a tsakiyar wutar. Soja sun karɓe Sinja a Nuwambar 2024, Wad Madani a Janairun 2025.

Ya ɗan'uwa mai karatu, waɗannan mutane jikokin waɗanda suka bar gonakinsu ne a ƙasar Kano da Zazzau da Katagum suka bi Sarkin Musulmi. A fadar Mai Wurno akwai zuriyar Attahiru a kan gado har yau, akwai kuma rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi da Bello da aka ɗauko a gafaka tun daga Sakkwato. A duk tsawon wannan yaƙi, ban ji an tashi a masallatanmu na Juma'a an ambaci sunan garin an tara musu ko buhun gero ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.