Gayya

gayya (suna, mace). 1. Aikin taron dangi da maƙwabta, inda mutum zai kira jama'a su taya shi abin da ya fi ƙarfin hannun gidansa: huɗa, noman firi, girbin gero, yaɓen soro ko ɗaga katangar da damina ta rusa. Ba a biyan kuɗin ƙwadago. Mai gayya dai ya tanadi fura da tuwo da goro, wani lokaci ya ɗauko makaɗin gangar noma ya riƙa zuga samari da kirari har a kai ƙarshen kunya. Ladan yana gaba, domin ranar da maƙwabci ya kira tasa, dole ka saɓa fartanya ka je. Wanda ya saba noƙewa, ba mai kai shi ƙara wurin mai unguwa. In tasa ta zo ne zai ga gona fayau. A karkara saurayi kan tara abokansa su nome gonar surukinsa, kuma tsofaffi na lura da yawan waɗanda suka amsa masa. *Misali:* Gobe akwai gayya a gonar liman.

*Aikin gayya:* aikin amfanin kowa, kamar yashe magudanar ruwa ko share maƙabarta. Wannan ya fi rayuwa a birane yau, tunda kuɗin leburanci ya rage gayyar gona.

2. Ganganci, yin abu don a ɓata wa wani. *Misali:* Da gayya ya taka ni. Daga nan *ramuwar gayya*.

Duba kuma: gayyata, gudummawa, adashi.