Zamantakewa a Dutsin-Ma da Kurfi

Dutsin-Ma da Kurfi garuruwa ne maƙwabta a tsakiyar Jihar Katsina. Akasarin mazaunansu Hausawa ne da Fulani Musulmi, manoma da makiyaya. Yandakan Katsina ne hakimin Dutsin-Ma, Maraɗin Katsina kuma na Kurfi.

Zumunci ne ƙashin bayan zamansu. Ranar bakwai ake raɗa wa jariri suna da sassafe: a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski, da yamma mata su hallara da gudummawa, wadda mai jego kan riƙe lissafinta don ramawa. Maza kan zauna a majalisa bayan la'asar.

Kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 ya jawo baƙi da gidajen haya, garin ya ƙara cika.