Inuwa da mai inuwa: yadda Kirista suke karanta labarun annabawa



Wataƙila ka taɓa kai marar lafiya asibitin Galmi. Wataƙila kuma kana da maƙwabci Kirista a Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela. In ka taɓa sauraren wa'azinsu, ka ji abin mamaki. Mai wa'azi ya fara da Annabi Musa cikin daji, ko Annabi Yunusa a cikin kifi. Labari ne da ka sani tun kana yaro. Kafin ka ankara, ya kai maganar kan Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa. Sai ka ce a ranka: mutumin nan ya ɓata hanya ne?

Bai ɓata ba. Wata hanyar karatu ce yake bi, wadda ta kusa shekara 2000. Tarihinta za mu duba yau, don ka gane yadda maƙwabcinka yake karanta littafinsa.

Littafi ɗaya, kashi biyu

Littafin Kirista kashi biyu ne. Na farko shi ne Tsohon Alkawari. A ciki akwai Attaura, da Zabura, da littattafan annabawa. Daga Yahudawa suka gaje shi. Na biyu shi ne Sabon Alkawari. A ciki akwai Linjila da wasiƙun manzannin Yesu.

To, me ya haɗa biyun? Ka tuna da safiya, kana zaune a zaure mai duban gabas. Baƙo ya taho, rana tana bayansa. Inuwarsa ce take fara shigowa, sannan shi. In ka ga inuwar, ka san da rawani ko da tulu a kansa, amma ba ka ga fuskarsa ba tukuna. Haka Kirista suke cewa: abubuwan da suka faru a Tsohon Alkawari sun faru da gaske, amma kuma inuwa ce ta wanda yake tafe.

Manzo Bulus ya rubuta wa Kiristan birnin Roma wasiƙa wajen shekara ta 57. A ciki ya kira Adamu da wata kalmar Girkanci, tupos. Ma'anarta alamar da hatimi yake bari a takarda, ko sawun da ƙafa take bari a ƙasa. Daga kalmar nan aka samo sunan wannan karatu a harsunan Turawa. Mu sai mu ce karatun inuwa.

Ga misali uku

Na farko, macijin tagulla. Tsohon Alkawari ya ce macizai sun yi ta sarar Bani Isra'ila a cikin daji. Annabi Musa ya ƙera maciji na tagulla, ya ɗora shi bisa sanda. Wanda aka sara, in ya dube shi, sai ya warke. Linjilar Yahaya ta ce haka za a ɗaga Yesu bisa gicciye, masu ba da gaskiya su tsira.

Na biyu, Annabi Yunusa. Ya yi kwana 3 a cikin kifi, ya fito da rai. Linjilar Matiyu ta kwatanta wannan da kwana 3 na Yesu a kabari.

Na uku, ragon Annabi Ibrahim. Kowa ya san ragon layya. A littafin Kirista Ishaku ne ɗan da aka tafi yankawa, amma yawancin malaman Musulunci sun ce Isma'ila ne. Kirista suna duban abu biyu: yaron shi ya ɗauki itacen hadaya da kansa, kuma rago ya mutu a maimakonsa. Suka ce wannan inuwar Yesu ce, mai ɗauke da gicciyensa, mai mutuwa a maimakon wasu.

Mutumin da ya so a yar da tsohon littafi

Wannan karatu ya yi ƙarfi ne saboda wata gardama. Akwai wani attajiri mai jiragen ruwa, sunansa Markiyon. Ya ce Tsohon Alkawari littafin Yahudawa ne, ba ruwan Kirista da shi, a ajiye shi gaba ɗaya. Wajen shekara ta 144 jama'ar Kirista ta Roma ta kore shi, amma ya sami mabiya da yawa.

Malamai suka tashi suka ba shi amsa. Ɗaya daga cikinsu ɗan Afirka ne, Tartuliyan, mutumin birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. Ya rubuta littafi 5 yana ƙaryata Markiyon. Hujjarsu ita ce: ba a raba mutum da inuwarsa. Da Markiyon ya yi nasara, da yau ba labarin Nuhu, ko Yusufu, ko Zaburar Dawuda a littafin Kirista.

Iskandariya da Antakiya

Bayan an yarda a riƙe littafin, sai wata tambaya ta taso: ina iyakar neman inuwa?

A Iskandariya ta Masar akwai malam Orijin, wanda aka haifa wajen shekara ta 185. Shi yana ganin ɓoyayyar ma'ana kusan a ƙarƙashin kowace kalma. Attaura ta lissafa zango 42 da Bani Isra'ila suka yi bayan fitarsu daga Masar. Orijin ya ce kowane zango mataki ne na tafiyar ran mutum zuwa ga Allah.

Malaman Antakiya suka ce a yi hattara. Babbansu Tiyodor, wanda ya rasu a 428, ya ce a fara gane abin da ya faru, da wanda aka yi wa magana, kafin a nemi wata ma'ana. A cikin Zabura 150, guda 4 kaɗai ya yarda suna magana kai tsaye a kan Almasihu. Tsoronsa shi ne kada mai karatu ya zuba abin da yake so cikin littafi, sannan ya ce can ya tarar da shi.

Wani ɗan Afirka kuma, Ogustin, an haife shi a 354, ya rasu a 430 a birnin da ake kira Annaba yau, a Aljeriya. Ya dubi jirgin Annabi Nuhu: tsawo kamu 300, faɗi kamu 50, tsayi kamu 30. Ya ce awon jikin mutum ke nan in yana kwance, ƙofar da ke gefen jirgin kuma ita ce raunin mashi a haƙarƙarin Yesu. Kai ka auna: da Tiyodor ya ji wannan, me zai ce?

Daga hoto zuwa Hausa

A Turai, wajen shekara ta 1460, an riƙa buga wani littafin hotuna da sassaƙaƙƙen katako. A kowane shafi akwai hoton Linjila a tsakiya, da hoto biyu na Tsohon Alkawari dama da hagu. A shafin binne Yesu, gefe ɗaya ana jefa Yusufu rijiya, ɗaya gefen ana jefa Yunusa ga kifi. Ko wanda bai iya baƙi ba yana iya haɗa ukun da ido.

Mu nan, ƴan mishan na SIM sun zauna Damagaram a 1924, daga baya suka buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Likita Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a fassarar. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi. Tun daga nan Bahaushe Kirista yake bin sawun inuwar nan da harshensa.

Inda aka rabu

Ba kowa ya yarda da wannan karatu ba. Yahudawa sun ce littafinsu cikakke ne, ba inuwar wani ba ne. Musulmi suna girmama annabawan nan duka, amma Alƙur'ani ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Saboda haka ba su ganin gicciye a cikin rago ko macijin tagulla.

Akwai kuma haɗari. Hausawa sun ce sawun giwa ya taka na raƙumi. Wasu Kiristan Turai sun ɗauka sabon littafi ya taka mutanen tsohon, suka raina Yahudawa, suka tsananta musu ƙarni da ƙarni. A 1965 babban taron Katolika a Roma ya yi tir da ƙin Yahudawa.

Ɗan'uwa, yanzu ka iya haɗa baƙi. Duk takardar da ta zo hannunka, ka fara da tambayar Tiyodor: me aka rubuta, wa aka rubuta wa? Bayan haka ka tambayi mai fassara ina ya samo ma'anarsa. In kuma ka sake jin maƙwabcinka ya tashi daga kifin Yunusa ya sauka kan Yesu, ka san hanyar da ya biyo. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, kuna iya zama tabarma ɗaya ku yi zancen cikin mutunci.

Allah ya ƙara mana sani, ya ba mu zaman lafiya. Amin.