Kan Famfo da Ruwan da Ke Bayansa

Duk wanda ya yi gini a Kano cikin 'yan shekarun nan ya san ranar sayen kayan banɗaki. An gama rufi, an yi shafe, aljihu ya fara sanyi, sai mai aikin famfo ya miƙo takardarsa: kan famfo kaza, shawa kaza, masai na zama, tangaran ɗin wanke hannu. A kasuwar Ƙofar Ruwa ko a shagunan Sabon Gari za a baje wa mutum su, wasu na ƙyalli kamar azurfa, wasu baƙaƙe, wasu ruwan zinariya, a ce wannan ɗan Italiya ne, wancan ɗan Turkiyya, na can ɗan Sin. A yi ta ciniki a kan launi da farashi. Abin da ba a cika tambaya a shagon ba shi ne wane ruwa zai bi ta cikin ƙarfen, daga ina zai taso, kuma da wane ƙarfi zai iso. Amsar wannan tana cikin tarihin birnin, kuma Ƙofar Nassarawa wuri ne mai kyau na tsayawa a dube ta.

Kafin zuwan bututu, ruwan Kano a ƙasa yake, da guga ake cin masa. Sunayen unguwanni sun riƙe mana shaidar hakan: Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu a cikin ganuwa, Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki a wajenta. Bayan rijiyoyi akwai kududdufai, ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika su, a yi wanki a shayar da dabbobi. Akwai kuma Jakara, wadda ta raba birnin biyu. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, adadin da kan ninka a lokacin fatauci, kuma bai ɓoye ƙyamarsa ga ruwan Jakara da ke kwance ba.

A cikin gida, tsarin ruwa gajere ne kuma kowa ya gane shi. Tulu ke kawowa, randa ke ajiyewa, moɗa ke ɗiba, buta ke kaiwa inda ake buƙata. Makewayi yana can ƙuryar gida, nesa da ɗakunan kwana, salga a gefe ɗaya, wurin wanka a gefe, ruwan ya bi rariya ya fita kwata. Magina suna da hujjarsu: katangar tubali ba ta da abokin gaba kamar danshi, saboda haka ake nisanta ruwa da ginin da ake kwana a ciki. Shi kuwa ruwan, tun da a ka ake ɗauko shi, ba a wasa da shi. Fiƙihun da aka tashi a kai ma ya dace da wannan hali, don ya inganta a hadisi cewa Annabi (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, ya yi wanka da sa'i ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Mudun nan bai kai lita guda ba.

A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Ba su zauna cikin birni ba. Sun yi sansani a Nassarawa, inda Sarki ke da gida tun kafin zuwansu (sunan wurin ya girme su, ko da yake mutane da yawa suna zaton daga Nasara aka samo shi), daga nan kuma unguwar Turawa ta bazu zuwa Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi. Ƙofar Nassarawa ta zama iyaka tsakanin hanyoyi biyu na mu'amala da ruwa. A ciki akwai buta da salga. A waje akwai bahon wanka na ƙarfe da bayin bokiti, wanda ma'aikata ke kwashewa da dare. Kusan duk kayan da ke cikin banɗakinmu a yau daga wancan ɓangaren ƙofar suka shigo.

Su ma Turawan ba su daɗe da mallakar kayan ba. A 1775 Alexander Cumming ya yi rajistar lanƙwasasshen bututun nan da ke ƙarƙashin masai, wanda ke riƙe ɗan ruwa ya tare wari. Kan famfo na murɗawa, mai dunƙulen roba da ke danne bakin ruwa, kamfanin Guest and Chrimes na garin Rotherham ne ya yi rajistarsa a 1845. A 1854 likita John Snow ya danganta annobar kwalara da wani famfon unguwa a Landan, shekara huɗu bayan haka kuma ɗoyin kogin Thames ya tilasta wa majalisar ƙasar amincewa da gina manyan magudanai. Masai na tangaran zalla ya fito daga masana'antar Thomas Twyford a shekarun 1880, sunan da har gobe ake gani a banɗakunan Nijeriya. Abin lura a nan shi ne kowane ɗaya daga cikin kayan nan an ƙera shi ne don birnin da ke turo ruwa ta bututu, yake kuma da inda zai kai ƙazantar bayan an kora ta.

Kano ta yi yunƙurin zama irin wannan birni tun da wuri. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1926, aka gina matatar ruwa a bakin kogin Challawa, wajen Fanshekara, tare da tashar wutar lantarki, aka buɗe aikin a farkon shekarun 1930. Da kuɗin Baitulmalin Hukumar En'e aka yi shi, wato harajin talakawa da jangalin Fulani, a lokacin da baitulmalin Kano ya fi na kowace masarauta a Arewa ƙarfi. Legas ta riga ta da matatar Iju a 1915, amma can harajin ruwa ya jawo zanga-zanga mai zafi. A Kano matsalar farko ta yarda ce. Dattawa kan ba da labarin ɗari-ɗarin da aka yi da ruwan da Nasara ya kawo ta cikin ƙarfe, ana tambayar ko ya halatta a sha, ko alwala ta yi da shi. A Misira ma akwai riwaya makamanciyar wannan, wadda ke cewa an kira kan famfo "hanafiyya" ne saboda malaman Hanafiyya ne suka halatta alwala da shi lokacin da wasu ke ja. Ko riwayar ta tabbata ko ƙawa ce ta masu ba da labari, ta nuna cewa sai da malamai suka auna famfo kafin ya shiga masallaci.

Yadda aka tsara aikin shi ne abin da ya fi shafar mai sayen kaya a yau. A tace ruwa a Challawa, injuna su tura shi sama zuwa matattarar da ke kan Goron Dutse, daga nan nauyinsa ya gangaro da shi cikin gari. Tudun ne ke ba ruwan ƙarfi. Kuma famfon farko da yawancin Kanawa suka sani na unguwa ne, a bakin titi, inda ake jera garwa a bi layi. Kalmar ma ta nuna haka: "famfo" daga sunan injin tura ruwa na Ingilishi muka aro ta, muka haɗa inji da bututu da kai da ruwan duka a suna ɗaya. 'Yan garuwa, masu rataya garwa biyu a sanda, suka zama bututun ƙarshe tsakanin titi da randa. Famfo ya shiga gidajen sarauta da na attajirai da ma'aikata sannu a hankali, kuma ko da ya shiga, a tsakar gida aka kafa shi, ƙasa-ƙasa, inda bokiti da buta za su zauna a ƙarƙashinsa. Mutanen wancan zamani sun karɓi bututu, amma ba su bar shi ya shiga katangar ɗaki ba.

Sai gari ya fi ƙarfin ruwansa. Ƙidayar 1952 ta samu kimanin mutum 130,000 a Kano. Yau ana maganar fiye da miliyan 4. Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya ga fari na farkon shekarun 1970 da idonsa, ya gina madatsun ruwa da dama, mafi girmansu Tiga, wadda aka kammala a 1974, a zamaninsa kuma aka kafa hukumar WRECA. An ƙara matata ta biyu da ta uku a Challawa, aka gama madatsar Challawa Goj a 1992, aka yi Tamburawa da Watari. Duk da haka, ruwa a madatsa daban, ruwa a bakin famfo daban. Tsakaninsu akwai injuna da ke jiran lantarki, da sinadaran tacewa da ake saya da kuɗin waje, da tsofaffin bututu da ke zuba a ƙarƙashin kwalta. An ɗaga gadar sama a Ƙofar Nassarawa a wa'adin Kwankwaso na biyu, ƙofar ta sake kama, amma a lungunan da ke bayanta kurar jarkoki ce har yanzu ke kai ruwa gidaje da yawa.

Wanda ke da hali sai ya yi wa kansa hukumar ruwa. Ya haƙa burtsatse, ya zura inji, ya ɗora tanki a kan ƙarafa. Tankin nan ƙaramin Goron Dutse ne, da dokar da ke tafiyar da babban yake aiki, sai dai tsayinsa bai taka kara ya karya ba. A nan ne cinikin shago ke cin karo da lissafi. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da ƙarfin da ake rubutawa "1 bar" a jikin kwalin kaya. Tankin da ke mita 5 daga ƙasa, idan kan shawa yana mita 2, tazarar mita 3 ce kawai ke aiki, wato ƙasa da sulusin wancan ma'auni. Da yawa daga cikin famfunan Turai masu hannu ɗaya, masu gauraya ruwan zafi da na sanyi, irin waɗanda Al Moen ya fara sayarwa a Amurka a 1947, suna son ma'auni ɗaya cikakke ko fiye. Haka faffaɗar shawar nan mai zubo ruwa kamar sama. A saya ta da tsada, a kafa, ta riƙa ɗiga kamar indararo bayan an ɗauke ruwa, a ce mai aikin famfo bai iya ba. Maganin ko dai a ɗaga tanki, ko a faɗaɗa bututun da ke saukowa, ko a ƙara injin turi wanda shi ma lantarki yake jira, ko kuma a sayi kayan da aka yi don ruwa mai rauni, wanda shi ne mafi arha kuma mafi ƙarancin masu zaɓa.

Ruwan burtsatse kuma yakan zo da rairayi. Famfon zamani yana rufe ruwa ne da fayafai biyu na tangaran masu santsi da ke goga juna, ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta karce su, daga nan sai ɗiga. Ƙaramar rariyar da ke bakin famfon ita ma tana toshewa. Matacin da ake sawa a bakin tanki bai kai kuɗin kan famfo ɗaya mai kyau ba, amma shi ake mantawa. Batun ƙarfe ma haka: kayan kirki tagulla ne aka lulluɓe da ƙyalli, na banza kuwa gaurayen tutiya ne, wanda ke rubewa daga ciki har wata rana ya karye a hannu. A ido ba su da bambanci. A tafin hannu tagulla ta fi nauyi, kuma idan aka leƙa cikin maƙogwaron, inda ƙyallin bai kai ba, za a ga rawaya.

Masai na zama shi ya fi kowane kaya cin ruwa a ɓoye. Tsofaffin tankunansa kan zubar da lita 9 zuwa 13 a kora ɗaya, na yanzu kimanin lita 6, masu maɓalli biyu kuma suna da ƙaramar kora ta kusan rabin haka. Ga gidan da ke sayen jarka mai lita 25, tsohon samfuri yana shanye jarka guda a zagaye biyu ko uku. Sannan Kano ba ta da babban magudanin ƙazanta irin na Landan da ya game gari, kowane gida rami yake haƙawa. A cikin birni, inda filaye ke manne da juna, ramin wani yakan zama maƙwabcin rijiyar wani, alhali masana lafiya kan so tazarar da ta kai mita 30. Duk litar da aka kora can take zuwa.

Abin da na fi ganin an yi sakaci da shi shi ne mafi sauƙi. Zanen banɗakin da muka aro na mutanen da ke tsarki da takarda ne, masu wanke hannu da fuska a tsaye. Mu da ruwa muke tsarki, muna alwala sau biyar a yini, muna wanke ƙafa. Shi ya sa za ka shiga gida na miliyoyi ka tarar da dattijo yana ɗaga ƙafa zuwa tangaran ɗin wanke hannu, ko ka ga bahon wanka na alfarma ya koma wurin ajiye bokiti, buta kuma tana nan daram a gefen masai, ta ga zuwan shawa ta ga zuwan ƙaramin mesan tsarki, ba ta gusa ba. Masu gina masallatai sun warware wannan tuntuni da dakalin zama da famfo a daidai gwiwa da rariya a gabansa. Masu zanen gidaje ne har yanzu ke kwafo hoton otal.

Famfon da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ɗan gajeren nan na tagulla da ake kafawa a bango, sama da bakin bokiti kaɗan, irin wanda ya fara shiga tsakar gidajen birni. Samfurin 1845 ne kusan ba canji. Yana buɗe wa ruwa hanya sosai ko da tankin ya kusa ƙarewa, yashi bai cika damunsa ba, kuma idan ya fara ɗiga ana kwance kansa da sifana a sauya robar. Inda ba a samu ta saya ba, masu gyara a cikin gari suna yanka ta daga tsohon tiyub na mota.