Ladubban aikin likita: yadda ake koyar da su tun farkon karatu a Tamale

Ladubban aikin likita su ne halayen da ake buƙata ga likita bayan sanin cuta da magani: riƙe sirrin majinyaci, neman yardarsa kafin a taɓa jikinsa, faɗa masa gaskiya, da kula da talaka kamar yadda ake kula da mai hali. A da, ɗalibi kan tsinci waɗannan halaye ne bayan ya shiga asibiti, ta hanyar kallon manyansa, sai ya kwaso mai kyau da maras kyau. Shi ya sa makarantu da dama suka dawo da darasin zuwa shekarun farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tushen ladubban

A 1948 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Janiba, wato alƙawarin da sabon likita ke ɗauka. An sabunta ta a 2017, inda aka ƙarfafa 'yancin majinyaci na yanke shawara kan lafiyarsa. A Gana, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke hukunta wanda ya saɓa ƙa'ida.

Tsarin Tamale

An kafa jami'ar UDS a 1992, makarantar likitancinta kuma a 1996. Tun 2007 take koyarwa ta hanyar warware matsala: ɗalibai kan zauna rukuni-rukuni, a ba su labarin wani majinyaci su tattauna, malami na sa ido. A nan ake koyon sauraron juna, kiyaye lokaci, da amsa kuskure.

Akwai kuma shirin COBES, wanda ke tura ɗalibai ƙauyuka na wasu makonni kafin su fara aiki gadan-gadan a Asibitin Koyarwa na Tamale. Sukan gaida sarki da dattawa, su shiga gida-gida da sallama, su yi aiki tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ɗalibin da ya ga nisan da mai naƙuda ke yi kafin ta isa asibiti, da wuya gobe ya daka mata tsawa don ta makara.

Batun harshe

Da Turanci ake karatu, alhali yawancin mutanen Tamale Dagbanci suke yi, mazauna zango kuma Hausa. Idan likita ba ya jin harshen majinyaciya, sau da yawa ɗanta ko mijinta ke yin tafinta, kuma akwai ciwon da mace ba za ta faɗa a gaban ɗanta ba. Ladabin aiki a nan shi ne likita ya tambaye ta wa ta yarda ya fassara.

Wannan haƙƙi ne. Kundin haƙƙin majinyata na Hukumar Lafiya ta Gana ya tanadi sirri, da bayani kan ciwo da magani, da neman izinin majinyaci kafin a yi koyarwa da shi.